Torika Mai Kai Kwanon Lahadi

Torika ita ce 'yar fari a ɗakin kakarmu Vasemaca. A tsibirin Kadavu aka yanke mata cibiya, amma ba ta riƙe komai na can ba, domin tana tatata iyayenta suka naɗe tabarminsu suka hau jirgin ruwa zuwa Suva, babban birni. Ubanta Peniasi ya ji labarin ana neman masu ƙarfin baya a tashar jiragen ruwa. Suka sami wurin kafa ɗaki a Veitiri, unguwar da ta tsiro a bakin taɓo bayan unguwar Vatuwaqa. Kowane gida a can a kan ƙafafun itace yake tsaye, bangonsa langa-langa mai tsatsa, an kuma jera katako daga wannan ƙofa zuwa waccan, saboda idan teku ta cika ruwa yakan shigo har ƙarƙashin ɗaki, ya zube ledoji da gwangwanaye, ya yi tafiyarsa.

A kan katakon nan Torika ta yi wayo. Kafin ta shiga aji uku ta iya bin sa da bokitin ruwa a kowane hannu ba tare da ta dubi ƙafarta ba. Rigar makarantarta ɗaya ce, a tsakiyar mako ake wanke ta a rataye kusa da murhu, washegari ta tafi aji tana warin hayaƙi. Hakan bai taɓa damunta ba, don rabin ajinsu haka suke wari. Abin da ta tashi ta sani shi ne, a Veitiri ba a kiran mutum talaka muddin kwanonsa na fita ran Lahadi.

Ciyayyar Lahadi ke nan, wadda muke kira takitaki. Da an taso daga coci, kafin kowa ya sa loma a baki, kowace uwa za ta ɗibi abin da ya fi kyau a tukunyarta ta zuba a kwano, ta rufe da farin ƙyalle, ta ɗora wa yaro ya kai maƙwabta. Gidan Vasemaca da gidaje uku suke yi. Akwai na Nei Makelesi, wato Inna Makelesi, bazawara mai kama ƙaguwa a cikin taɓo ta kai kasuwa, wadda ake jin dariyarta tun daga bakin titi. Akwai na Bubu Karalaini, wato Kaka Karalaini, tsohuwa da yanar ido ta rufe wa gani, jikanyarta ke yi mata girki. Sai na Nei Ulamila, matar Jolame direban gwamnati kuma dattijon coci, gidan da shi kaɗai ke da tagar gilashi a unguwar. Kowa ya san kwanon kowa. Na Makelesi shuɗi ne mai fashin baki, na Ulamila fari mai furen ja, na Vasemaca kore. Tun tana shekara bakwai Torika ce ke kai koren kwanon nan, kuma tana son aikin, don a kowace ƙofa sai an shafa mata kai an ce ta girma.

Tana da shekara goma sha uku buhun busasshiyar kwakwa ya suɓuce daga ƙugiya ya sauka a ƙugun ubanta. Ɗan dakon ranar-wuni ne, ranar da bai ɗauki kaya ba ba shi da komai. Aka dawo da shi daga asibiti aka shimfiɗe a bayan labule, ba ya iya juyawa sai an taimaka masa. Duk wanda ya zo dubiya, Vasemaca za ta tare shi da fara'a ta ce, "Da sauƙi sosai. Mutanen wurin aikinsu suna ƙoƙari da mu." Babu wani mutumin wurin aiki da ya taɓa takowa katakon Veitiri. Ita ce take fita da sassafe ta bi ta bayan unguwa, ta je ta yi wa iyalin wani mai kanti wanki a cikin gari, ta dawo da rogo da sukari da kananzir kaɗan.

Lahadin farko ta yanka kazarsu ɗaya tilo. Ta biyu ta buɗe gwangwanin kifi na ƙarshe ta baɗe shi da ganye. Lahadi ta uku, bayan sun dawo daga coci, ta ja Torika kusa da murhu inda babu komai sai tukunyar rogo, ta yi ƙasa da murya don kada mai kwance ya ji.

"Yau za mu ɗan jinkirta. Bari nasu ya fara zuwa."

Torika ba ta gane ba sai da ta ga uwarta ta juye kifin Makelesi a koren kwano, ta gyara masa zama da cokali, ta jera yankan rogo a gefe, ta goge bakin kwanon da ƙasan zaninta ta rufe.

"Wannan gidan Ulamila. Idan na Ulamila ya zo, na Bubu ne. Ganyen Bubu kuma na Makelesi. Kada ki kuskura ki juya su."

"Nana, mu fa me za mu ci?" in ji Torika, don a wurinmu Nana ake kiran uwa, uba kuma Tata.

"Romon da ya rage a gindin kwano ba abinci ba ne? Saurara, Torika. Ranar da kwanonmu ya daina fita, mun tashi daga gidan da ake yi da shi mun koma gidan da ake kai wa. Na ga irin kallon da ake yi wa matan irin wannan gida a bakin famfo. Ubanki yana kwance, bangon nan ba ya ɓoye masa komai. In ya ji ana tausayinmu, ba zai ƙara tashi ba. Wannan magana daga ni sai ke."

Haka aka yi ta yi, tun daga Ista har sanyin tsakiyar shekara ya shigo. Torika ta zama mai tsaron ƙofa. Ita ke karɓar kwano, ta faɗa wa uwarta daga inda ya fito, ita kuma ke fita da shi a sabuwar riga. Ƙannenta biyu sukan zauna suna bin ƙanshin da ido, ƙaramin, Waisake, wani lokaci har ya fashe da kuka, sai a cusa masa rogon da aka dangwala a romo. In an zauna cin abinci ba a rufe ƙofa, don rufe ta abin faɗa ne. Duk wanda ya gitta kan katako sai Vasemaca ta ɗaga murya ta ce, "Ku zo mu ci!" Shi kuma ya amsa, "Mun gode, mun ƙoshi." Tsakanin kiran da amsar Torika ba ta iya haɗiye abin da ke bakinta.

Sai ga wata Lahadi sabon fasto ya zo wa'azi, aka ce a gidan Jolame zai ci abincin rana. Bayan coci Vasemaca na bayan labule tana juya mijinta, sai ɗan Makelesi ya zo da gudu ɗauke da shuɗin kwano, ya dangwarar a hannun Torika ya ce, "In ji Nana," ya juya da gudu. Ta ɗaga ƙyallen. Ƙaguwa ce babba, mai hannu ɗaya, tana kwance cikin madarar kwakwa, ga tumatir ya yi ja a kai. Yawu ya cika mata baki har muƙamuƙinta ya yi zafi.

Uwarta ta fito tana goge hannu, ta sunkuya ta shinshina.

"Citta? Yaushe Makelesi ta fara sa citta a ƙaguwa? Kin tambayi yaron?"

Torika ba ta tambaya ba. Amma ga kwano shuɗi, ga ƙaguwa, ga ɗan Makelesi, ga kuma yunwa, so take a gama a zauna.

"Na tambaye shi, Nana. Nata ne."

"To. Yau ko Ulamila za ta san mu ma mun san baƙo." Vasemaca ta juye a hankali don kada ƙaguwar ta wargaje, ta jera rogo, ta rufe. "Ki durƙusa sosai, akwai manya."

Tun daga nesa Torika ta ga takalma jere a ƙofar gidan mai gilashi. Ta shiga a duƙe tana cewa gafara, ta rarrafa da gwiwa har bakin dogon ƙyallen da aka shimfiɗa a kan tabarma, maza zaune ta sama, mata ta ƙasa suna kore ƙuda da mafici. A cikin matan ta hango Nei Makelesi da ludayi a hannu, goshinta duk gumi, alamar tun safe a nan take aiki. Torika ta so ta juya da shi, amma ta riga ta ajiye kwanon.

Fasto, wani ƙaton mutum mai furfura a gefen kunne, ya tambayi 'yar wace ce. Aka ce masa 'yar mutanen Kadavu ce. Shi kuwa mutumin yankin Ra ne, tsakaninsu da Kadavu akwai wasa tun kaka da kakanni, sai ya gyara zama da murna.

"Kadavu? Jolame, ɓoye cokulanka! Yarinya, ashe kun farka daga barci har kun yi girki? Buɗe mu gani, in ba daɗi yau sai na kai ƙarar tsibirinku gaba ɗaya."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi kamar yadda ya kamata, ta yaye ƙyallen.

A tsakiyar shimfiɗar akwai babban faranti cike da ƙaguwa cikin madarar kwakwa, tumatir ya yi ja a kai, ƙanshin citta na tashi. Fasto ya dubi farantin, ya dubi koren kwano, ya sake duban farantin.

"Ikon Allah! Waɗannan ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kai, tsaya ma." Ya ɗaga wani hannun ƙaguwa da ke gabansa, ya kara shi a jikin mai hannu ɗayan. "Ga hannunta da ta manta a wurina! Ƙaguwa baiwar Allah, kin je Kadavu kin ga ba wurin zama ba ne, kin dawo gida ko?"

Maza suka kece da dariya har da tafi, Jolame na dukan cinya. Shi fasto wasa kawai yake, bai san ya faɗi gaskiya ba. Amma a gefen mata mafitai suka tsaya. Makelesi ta ajiye ludayi ta toshe baki da tafin hannu, domin ita da kanta ta zuba wannan ƙaguwar daga tukunyar Ulamila, a kwanonta da ta kawo aro saboda na gidan duk sun ƙare a kan baƙi. Torika ta kafa ido a kan saƙar tabarma. Ta ji kunnuwanta suna zafi kamar an kara musu garwashi, ta ji rigarta ta yi mata ƙanƙanta, gwiwoyinta masu kaushi duk a waje. Ba ta san yadda aka yi ta ja da baya ta fita ba.

A bayan gida kusa da tankin ruwa Nei Ulamila ta cim mata. Doguwar mace ce, ba ta da yawan fara'a ko ran biki.

"Tsaya nan. Ɗago ki dube ni. Tun yaushe?"

"Tun bayan da Tata ya kwanta."

"Nawa da nake aikowa ina yake zuwa?"

"Gidan Bubu."

"Wanda nake ci ina yabon hannun uwarki fa?"

"Na Nei Makelesi ne."

Ulamila ta ja dogon numfashi ta hanci. "Wato wata da watanni muna ta zagaye kamar jakin niƙa, ku kuna zaune kuna cin me?"

Torika ta zube a ƙasa ta kama gefen zanin matar.

"Nei, don Allah kada Nana ta sani. Laifina ne, ban tambayi yaron ba. Ki doke ni in kina so. Kada dai ta san kun gane."

"Tashi, kada ki ɓata min zanin coci. Ni zan iya kama bakina. Makelesi fa? Kin taɓa ganin abin da ya kwana a cikin Makelesi?" Ta shiga ta fito da koren kwanon shaƙe da naman alade da gwaza. "Ungo. Goge fuskarki kafin ki isa."

A gida uwarta na jira a bakin ƙofa, ido na ƙyalli.

"Me suka ce?"

"Sun ce an gode. Fasto ya ci har ya yaba."

Vasemaca ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta leƙa bayan labule ta faɗa wa mijinta cewa fasto ya yaba girkin gidansu. Ranar kowa ya ɗanɗana nama. Torika ta ce cikinta na ciwo.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwarta. A makaranta Seruwaia, 'yar Ulamila, ba ta ce komai ba, amma da Torika ta zo wucewa sai yaran bayan aji suka fara tafiya a karkace suna ɗaga yatsu biyu kamar hannun ƙaguwa. "A ba ta hanya, gida za ta koma!" Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne bakin famfo da yamma. Tana riƙe da bokiti a bayan uwarta, ta ga yadda hira ke mutuwa da sun iso, ta ga mata na matsawa suna cewa, "Maman Torika, fara ɗiba, mu ba ma sauri." Ta ga Makelesi na tambayar jikin mai gida da wata murya mai laushi da ba tata ba. Uwarta kuwa, ba ta san komai ba, sai ta ɗaga kai tana murmushi tana cewa, "Da sauƙi sosai. Mutanen wurin aikinsu suna ƙoƙari." Har ta ƙara da ba Makelesi shawarar yadda ake sa citta a ƙaguwa ba ta yi yawa ba. Sau da yawa a kan hanyar komawa Torika ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta dubi bayan wuyan uwarta, ta rufe.

Lahadi ta zagayo. Ko kayan coci ba su cire ba kwanuka suka fara isowa, ba a taɓa irin wannan sammako ba. Na Bubu ya zo cike. Na Ulamila ya zo har murfin ƙyalle ya yi tudu. Vasemaca na tsaye tana mamaki sai ga ɗan Makelesi, wannan karon da kwano biyu, ɗaya a kan ɗaya. Torika ta yi wuf za ta tare shi a waje, amma yaron ya riga ya hau matakala, ya kuma haddace saƙonsa da kyau. Ya faɗe shi da ƙarfi yadda ake karatun aya a coci.

"Nana ta ce na saman naku ne, ku ci da kanku. Na ƙasan shi ne na kaiwa, ba ta sa masa komai da za a gane ba."

Ya ajiye ya tafi yana tsalle a kan katako.

A bayan labule aka ji Peniasi ya yi tari ɗaya, daga nan bai ƙara motsi ba. Vasemaca ta daɗe tana kallon kwanukan nan biyu. Sannan ta juyo.

"Ƙaguwar nan ta wace ce?"

"Ta Nei Ulamila ce."

"A gaban fasto?"

Torika ta gyaɗa kai. Ta jira mari, ta ma matso da fuskarta don ya zo a gama. Bai zo ba.

"Kuskure kowa na yi," in ji uwarta. "Amma kin tsaya a bayana a bakin famfo mako guda, kina kallo ina washe musu baki. Kin bar ni ina koya wa Makelesi girki."

Ta tura kwanukan maƙwabta gaban yaran ta ce su ci. Ta sauke tukunyar rogo, ta ɗauko koren kwano da wasu faranti biyu, ta zuba rogo tsurarsa, fari fat, ba miya ba kifi. Torika ta miƙa hannu za ta ɗauko ƙyallen rufi.

"Bar shi. A buɗe za ki kai. Kuma ki faɗa da ƙarfi daga gidan da ya fito."

Rana ta take, kowa na zaune a ƙofa a buɗe yana cin abinci. Torika ta hau katako da farin rogo a tafin hannu. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mata. Gida bayan gida cokula suka riƙa tsayawa, ana kiranta, "Zo mu ci," tana amsawa, "Mun gode, mun ƙoshi," muryarta kamar ta wata.

Makelesi ta karɓa hannu biyu, ta fara, "Wayyo 'yata, wallahi ni da zuciya ɗaya na..." sai kuka ya ƙwace mata. Torika ta ce, "Daga gidan Vasemaca," ta juya.

Bubu Karalaini ta lalubi farantin, ta gutsiri rogon ta daɗe tana mamula da dasashi.

"Yawwa. Yau dai na ci na hannun uwarki. Da ma na gaji da cittar Ulamila, tana tayar mini da ƙwannafi."

"Bubu, kin sani?"

"Ido na rasa, 'yar nan, ba harshe ba. Ki ce mata gishiri ya yi kaɗan."

A gidan mai gilashi Ulamila da kanta ta fito. Ta dubi rogon, ta dubi yarinyar, ba ta ce wayyo ba, ba ta ce sannu ba. Ta karɓa, ta kai tsakiyar shimfiɗa gaban mijinta ta ajiye, ta ce da Seruwaia ta wanke kwanon ta kawo. Ta miƙo shi wayam. A duk ranar wannan ne kaɗai abin da Torika ta iya ɗauka kanta a ɗage.

Daga ranar rogo ne ke fita daga gidan Vasemaca duk Lahadi, wani lokaci da ganye, har Peniasi ya miƙe a kan sanda ya sami gadin wani sito. Vasemaca ta daina cewa mutanen wurin aiki na ƙoƙari, ta daina bi ta bayan unguwa in za ta wanki. Ta kuma daina dogon zama a bakin famfo, ta ɗiba ta tafi. Tsakaninta da 'yarta babu faɗa, babu gaba. Sai dai ba ta ƙara jan ta kusa da murhu ta yi ƙasa da murya ba. In akwai abin da ke damunta, Torika sai dai ta gani a fuska. Da Vasemaca ta haifi mahaifiyata, a bakin maƙwabta Torika ta fara jin cewa cikin ya zo da wahala.

Ta bar makaranta a aji huɗu na sakandare don ƙannenta su ci gaba. Da aka fara buɗe kamfanonin ɗinki ta shiga ɗaya, tana haɗa wuyan riguna daga safe zuwa yamma, aikin da ta yi har idonta ya fara neman tabarau. Ba ta yi aure da wuri ba. Ita ta ɗinka wa kusan dukanmu rigar makaranta ta farko, kuma har yau in ta aiki yaro da saƙo sai ya maimaita mata, in ya dawo kuma sai ya faɗa mata abin da aka ce kalma da kalma, mai daɗi da mara daɗi.

Da ta karɓi albashinta na farko ba ta sayi takalmi ba kamar sauran 'yan mata. Ta je kasuwa ta hau bene wurin masu saiwar yangona, ta zaɓi ɗauri mai kyau aka naɗe mata a takarda. A wurinmu da wannan saiwar ake neman gafarar babban laifi, kuma bisa al'ada namiji dattijo ake samu ya yi magana a madadin mai laifi. Ita ba ta son kowa ya ji. Ta jira ranar Asabar da ubanta ya tafi gadi yara suka tafi ƙwallo, ta sami uwarta na zaune tana tsefe ganyen saƙa. Ta durƙusa daga nesa, ta rarrafo, ta ajiye ɗaurin a tsakaninsu, ta ɗora hannu biyu a kai, ta sunkuyar da kai. Duk jawabin da ta shirya a cikin bas ya gudu.

"Nana, maganar famfo ce," ta ce. "Maganar makon nan."

Vasemaca ta ajiye wuƙar tsefe. Ta dubi saiwar, ta dubi wannan budurwa mai zare maƙale a gashi.

"Wa ya koya miki? Ai a juye kika ajiye shi, kansa ni ya kamata ya kalla."

Torika ta juya shi da sauri, kunya ta ƙara rufe ta.

Wanda aka kawo wa yangona, in ya yafe, tafi yake yi da tafin hannu a ɗan lanƙwashe, ya ja ɗaurin gabansa ya ce magana ta mutu. Torika ta kasa kunne tana jiran tafin. Ta ji ruwa na shigowa ƙarƙashin ɗaki yana kaɗa gwangwanaye, ta ji rediyon gidan Jolame. Can uwarta ta miƙa hannu ta ja ɗaurin, ta auna nauyinsa.

"Sun cuce ki, rabinsa ɗanye ne," ta ce. "Ubanki dai zai ji daɗi. Tashi ki ɗora mana ruwan shayi."

Torika ta tashi ta ɗora. Tana hura wuta tana saurare ta bayanta, har ruwan ya tafasa.